Yadda muka sa shagonmu ya riƙa fitowa a binciken Google ta waya

Shagonmu na ɗinki da sayar da shadda yana Kasuwar Barci a Tudun Wada, kuma tun da Baba ya ajiye almakashi yayana ne ke riƙe da shi, ni kuwa aka bar mini littafin ciniki da wayar shago. Muna da shafin intanet da wani ya gina mana shekarun baya, wanda idan aka buɗe shi a kwamfuta sai a ce madalla, amma idan mutum ya ɗauki wayarsa ya rubuta "tela a Kaduna" a Google, ko ƙyallinmu ba zai gani ba. Na ga ya dace in rubuta yadda aka bi aka gyara wannan daki-daki, saboda akasarin bayanin da ake samu an yi shi ne domin manyan kamfanoni, kuma cikin masu aikin da ake kira SEO, wato gyara shafi domin ya fito a sahun gaba idan an yi bincike, ba kowa ne yake son mai shago ya fahimci abin da ake yi masa ba.

Wani abokin cinikinmu ne ya haɗa ni da wani matashi mai ƙaramin ofis a gefen titin Ahmadu Bello. Na je masa da kwamfutar da na aro, ina shirin nuna masa kyan shafin, sai ya ce in rufe ta, ya tambaye ni ko akwai wanda ya zo tare da ni mai ƙaramar waya. Yaron shagonmu yana bakin ƙofa da wata itel mai tsagaggen gilashi. Ya karɓe ta, ya tabbatar da datar yaron take amfani da ita ba intanet ɗin ofis ba, ya rubuta adireshin shafinmu, ya ajiye ta a kan tebur tsakaninmu. Allon ya tsaya fari fat har na fara zaton wayar ce ta maƙale. Can sai tambarin shago ya fito, sannan hoton babbar riga ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga wuya zuwa ƙasa, rubutun kuwa ƙanana ne ƙwarai har sai da ya buɗa shi da yatsu biyu kafin a iya karanta lambar wayarmu. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan shi ne shagonku a wurin Google. Wancan na kwamfuta ku kaɗai kuke ganinsa."

Ya yi mini bayanin dalili, daga baya kuma na bincika na tarar haka ne. Tun watan Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a binciken da aka yi ta waya. A 2016 ya sanar cewa zai koma duba fuskar shafi ta waya a matsayin ta asali, daga Yulin 2019 duk sabon shafi da wannan ma'auni ake karɓarsa, kuma a ƙarshen 2023 kamfanin ya ce ya kammala wannan sauyi. Manhajarsa mai yawo tana karanta shafuka, wadda ake kira Googlebot, tana zuwa ne a siffar waya, saboda haka abin da bai bayyana da kyau a waya ba kamar babu shi ne. Muka yi ciniki a kan zan biya kuɗin aikinsa kashi uku, na farko a ranar, na biyu idan shafi ya tashi, na uku bayan an tantance shago a taswirar Google, na kuma roƙe shi ya rubuta abin da zai yi a takarda, ya rubuta ba tare da ɓata rai ba.

Aikin bai fara da gyara ba, ya fara ne da tambayar wa ke da shafin. Ashe wanda ya gina mana shi da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar adireshin, mu dai kuɗi kawai muke tura masa duk shekara. Wannan daidai yake da mutum ya shekara goma yana ciniki a rumfa alhali takardar rumfar tana ɗauke da sunan dillali. Adireshinmu yana ƙarewa ne da .com.ng, kuma hukumar NiRA ce ke kula da duk adireshin da ya ƙare da .ng, sai dai ba wurinta ake zuwa kai tsaye ba, ana bi ne ta kamfanonin da ta amince su yi rajista. Domin a maido da adireshin hannunmu sai da aka sami wata lambar canji daga wanda yake riƙe da shi, kuma a nan ne na sha jira mafi ɓacin rai, domin mutumin ya bar gari, kiransa ba ya shiga, saƙo kuma sai ya kwana biyu bai amsa ba. Sai da Yaya ya nemo wani dattijo da suke jin nauyinsa ya sa baki. Da lambar ta zo, muka buɗe asusu da imel ɗin shago da lambar wayar shago, aka maido da adireshin, muka biya kuɗin shekara ɗaya na adireshi da na hayar wurin ajiyar shafi, wanda masu aikin ke ce wa hostin. Ba a nemi takardar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a wannan mataki ba, suna da adireshi da lambar waya kawai aka cike. A ranar ne kuma aka sa wa shafin shaidar tsaro ta HTTPS, wadda ake samu kyauta daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt, domin tun 2018 Chrome, manhajar Google ta buɗe shafuka, yake yi wa shafin da ba shi da ita alamar rashin tsaro, abin da ke sa mai niyyar tura kuɗin kafin alƙalami ya ja da baya.

Daga nan muka shiga Search Console, wanda shi ne ofishin Google na masu shafuka, kuma kyauta ne. Kafin ya buɗe maka komai sai ka nuna shafin naka ne: ya ba mu wani dogon layin haruffa muka liƙa a asusun adireshin, muka danna tantancewa, ya ce bai gani ba. Na fara damuwa, amma injiniyan ya ce irin wannan canji yakan ɗauki lokaci kafin ya bazu, in je in dawo. Washegari da safe na gwada daga shago, ya karɓa. Muka miƙa masa taswirar shafi, wato jerin duk shafukan da muke so ya sani, bayan 'yan kwanaki kuma rahoto ya fara fitowa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusan babu rubutu a shafinmu a idon Google. Farashi, adireshi, jerin irin ɗinkin da muke yi, duk an zana su ne a cikin hotuna irin na fastocin talla da ake yawo da su a WhatsApp. Mutum yana karantawa, amma ba rubutun da na'urar bincike ke dogara da shi ba ne. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a shafukan 'yan kasuwarmu, kuma ina ganin ita ce ta fi kowace matsala hana su fitowa.

Sake ginin shafin da WordPress, wata manhajar gina shafuka, bai ɗauki lokaci ba, an zaɓi tsari ɗaya mai daidaita kansa da girman kowane allo, aka ƙara girman rubutu, aka sa madannin kira da na WhatsApp manya a inda babban yatsa ke kaiwa. Inda aka daɗe shi ne batun nauyi. Akwai wani ma'auni na Google mai suna PageSpeed Insights da ke ba shafi maki daga 0 zuwa 100, ƙasa da 50 ja, daga 90 zuwa sama kore, namu kuwa ja ne wur a ɓangaren waya. Abubuwa uku Google ya fi dubawa: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa taɓawa cikin milisakan 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma kada abubuwa su riƙa zamewa suna canza wuri yayin buɗewa har mutum ya danna abin da bai yi niyya ba. Hotunanmu kai tsaye daga kyamarar waya aka ɗora su, kowane ɗaya megabait da dama, ga bidiyo mai kunna kansa a shafin farko, ga wani akwatin talla da ke rufe allo da zarar an shigo, alhali tun Janairun 2017 Google ya ce irin wannan akwati na iya rage wa shafi matsayi a waya.

A nan muka sami saɓani da Yaya, kuma ina ganin yana da hujja. Ya ce abin da muke sayarwa shi ne aikin wuya da na aljihu, idan aka matse hoto har zaren ya dushe, to me mai saye zai gani? Ya kira injiniyan da kansa ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka mayar mini da aikin hannu ya koma kamar na inji." Injiniyan ya ce, "Alhaji, wanda datarsa ta ƙare kafin hoto ya buɗe ai bai ga na hannu ba, bai ga na inji ba." Maganar data ba wasa ba ce, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai ƙaramin ƙunshin data yana lura da shafin da ke shanye masa ita. Aka tsaya a kan a juya hotunan zuwa nau'in WebP mai rage nauyin hoto, kowane ya koma ƙasa da kilobait 200, wanda yake son ganin zare da kyau kuma ya taɓa hoton babbansa ya buɗe. Bidiyon aka mayar da shi sai an danna, akwatin talla aka cire. Makinmu bai kai 100 ba, kuma ban ga amfanin bin sa ba, domin gwaji ne da na'ura ke kwaikwayon waya mai matsakaicin ƙarfi a kan sabis mai rauni. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne in buɗe shafin a Tecno da Infinix da itel na yaran layinmu, da Chrome da kuma Opera Mini, a can cikin kasuwa inda sabis ke wahala da rana tsaka.

Rubutun shafin ni aka bar wa, domin injiniyan ya ce shi bai san abin da masu neman tela ke faɗa ba. Na zauna da wayar shago na bi tsofaffin saƙonnin abokan ciniki ina fitar da yadda suke tambaya: nawa ne ɗinkin babbar riga, akwai Getzner, kuna ɗinkin ango da abokansa, kwana nawa kaftani ke ɗauka. Da waɗannan aka yi kanun shafuka, kowane irin aiki da shafinsa, maimakon a cusa komai a wuri guda. Kanun da ya wuce haruffa kamar 60 yakan yanke a sakamakon bincike, don haka sai an sa abin da ya fi muhimmanci a gaba, sunan shago a baya. Akwai kuma abin da ya keɓanci masu rubutu da Hausa: yawancin mutane ba sa sa ƙugiya idan suna rubutu a waya, "dinki" suke bugawa, kuma sukan gauraya da Turanci a layi ɗaya. Da na gwada bincike da ƙugiya da kuma babu, ba kullum sakamakon ke zuwa iri ɗaya ba. Abin da muka yi shi ne rubutun cikin shafi ya tafi da ƙa'idarsa, adireshin kowane shafi kuma aka rubuta shi da haruffa marasa ƙugiya, sannan aka yi wa kowane shafin Hausa takwaransa na Turanci tare da alamar da ke gaya wa Google harshen kowanne. Na kuma rubuta amsoshi da cikakkun jimloli irin na magana, domin a 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya, kuma akwai abokan cinikinmu da yawa da magana ta fi musu sauƙi a kan rubutu. Wani ya ba ni shawarar in maimaita "tela Kaduna" sau da yawa a ƙasan shafi da launin da ba a gani; injiniyan ya ce wannan yana cikin abin da Google ya haramta, yana iya sa a nutsar da shafin gaba ɗaya.

Mataki na gaba shi ne sa shago a taswira ta hanyar Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business, shi ma kyauta. Wannan ne ke fito da suna da lambar waya da hanya a saman sakamako idan mutum ya nemi abu a kusa da shi, kuma ga mai waya ya fi shafin kansa saurin kawo kira. Ba mu muka zaɓi hanyar tantancewa ba, Google ne ya ce mu yi ta bidiyo. Sharaɗin shi ne a ɗauka kai tsaye daga cikin manhajar, a jere ba yankewa, a nuna layin da shago yake, da allon suna, da kayan aiki, da wani abin da ke tabbatar da cewa kai ne mai kula da wurin. Mun zaɓi sassafe kafin kasuwa ta cika domin kada fuskokin mutane su shiga. Na fara daga bakin layi ina tafiya a hankali, na ɗaga waya ga allon suna, na nuna hannuna yana buɗe kwado, na shiga na bi kekunan ɗinki da bandiran shadda a kanta, na ƙare da littafin rasiɗi mai hatiminmu. Bidiyon ya tsaya a tsakiyar tafiya saboda raunin sabis, sai da na sake ɗauka, na fita bakin titi sannan ya tafi. Sun ce dubawa na iya kai kwana biyar na aiki, kuma cikin wannan wa'adi saƙon amincewa ya zo. Sunan da ke kan allon shago shi za a rubuta ba ƙari, domin masu cusa kalmomin talla cikin suna suna jawo wa kansu dakatarwa. Alamar wurin kuma da hannu na ja ta har kan rumfarmu, saboda a cikin kasuwa adireshi kaɗai ba ya kai baƙo. A lokutan aiki na raba ranar Juma'a gida biyu domin kada wani ya taso daga Kawo ya tarar mun tafi masallaci.

Bayan wannan sai jira, kuma shi ne abin da ba a cika gaya wa mutum tun farko ba. Google da kansa ya ce irin wannan aiki yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, ya kuma ce babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. A makonnin farko Yaya yakan tambaye ni kusan kullum, cikin zolaya da ɗan zafi, ko Google ɗin ya farka. A wannan tsakani wani ya turo saƙo yana cewa zai kai mu shafin farko cikin mako guda ta hanyar sayo mana mahaɗai masu yawa daga wasu shafuka, wato rubutun da idan an danna zai kawo mutum shafinmu, na tura wa injiniyan, ya ce in goge. Na kuma gane cewa neman kanka da wayarka yaudara ce, domin a binciken wuri Google yana duba dacewa da nisa da shahara: wanda ke tsaye a Tudun Wada ba abu ɗaya zai gani da wanda ke Barnawa ko Sabon Tasha ba. Abin dogaro shi ne rahoton Search Console, wanda yakan zo da jinkirin kwana biyu, yana nuna kalmomin da aka buga, da sau nawa aka gan mu, da sau nawa aka danna, har da rabe masu waya da masu kwamfuta. A namu rahoton masu kwamfuta ba su taka kara sun karya ba. Ganin ne ya fara hawa, dannawa ta biyo baya a hankali, sannan aka fara kira daga Rigasa da Malali har da Zariya, mutum ya ce a Google ya gan mu.

Har yau ba mu ne na farko a "tela a Kaduna" ba, kuma na daina sa rai a kansa, domin kalma ce da kowa ke rububinta. Inda muke fitowa shi ne a tambayoyi masu ƙunci, irin su ɗinkin babbar rigar ango ko farashin wata shadda takamaimai, kuma masu irin wannan tambaya su ne suka riga suka yi niyyar saye. Duk wanda muka gama wa aiki ya nuna jin daɗi nakan tura masa mahaɗin da zai rubuta ra'ayinsa, ba tare da yi masa alkawarin ragi ba, domin sayen yabo ya saɓa wa ƙa'idar Google, kuma mai karatu yakan gane yabon da aka saya.

Ga wanda zai bi wannan hanya, shawarata ta farko ita ce kada ya biya ko sisi sai ya tabbatar adireshin shafi da asusun hostin da Search Console da bayanin taswira duk da imel ɗin kasuwancinsa aka buɗe su, kalmomin sirri kuma suna hannunsa; ma'aikaci ana ƙara shi ne a matsayin mai taimako, a cire shi idan an rabu. Ya san kuma abin da ake biya da wanda ba a biya, domin akwai masu karɓar kuɗi a kan rajistar da Google ke yi kyauta. Mu abin da ya ci kuɗi shi ne ladan injiniya, sai hostin, sai adireshi wanda ya fi su araha, sai datar da na ƙona wajen gwaje-gwaje, biyu na tsakiya kuma duk shekara ake sabunta su, don haka na rubuta ranar ƙarewarsu a bangon littafin ciniki. Wanda kuɗinsa bai kai na gina shafi ba, ina ganin ya fara da taswira kawai, ya sa hotuna na gaskiya da lambar da ake ɗauka, shafi ya biyo baya idan hali ya yi.

Lokaci ma abin lura ne ga masu sana'a irin tamu. Teloli sukan rufe karɓar ɗinkin Sallah tun azumi bai yi nisa ba, masu nema kuwa tun cikin Sha'aban suke fara bincike, saboda haka wanda ya tashi gyaran shafi ana gobe azumi ya makara ga wannan shekarar. Ni yanzu duk farkon wata nakan buɗe rahoton in duba sababbin kalmomin da aka same mu da su, idan na ga tambayar da ba mu amsa ba in rubuta mata shafi, in gyara farashin da ya canza, in kuma matse duk sabon hoto kafin in ɗora shi. Watan jiya na lura ana yawan zuwa mana da neman ɗinkin yara maza na Sallah, abin da muke yi amma ba mu taɓa rubutawa ba, kuma shafinsa nake haɗawa yanzu, ina jiran Yaya ya tsayar da farashin kowace shekara daga ɗan shekara biyu zuwa goma sha biyu.